Sabunta manhajar kwamfuta: A yi a tsaya, a ƙi a shiga hannun masu kutse?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, babbar manhajar da ta shafe shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi da makarantu da asibitoci a faɗin duniya.

Kwamfutar ba za ta mutu ba. Amma duk wata kafa da masu kutse suka gano a cikinta, babu facin kyauta da zai zo ya toshe ta kamar yadda aka saba.

Wannan ya sake taso da tambayar da ta daɗe tana ci wa masu kula da na'urori tuwo a ƙwarya: ta yaya za a sabunta manhaja ba tare da aiki ya tsaya ba? Abubuwa biyu da suka faru a 2017 da 2024 sun nuna cewa lamarin gaba kura ne baya sayaki.

Sakamakon jan ƙafa

A ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 tana neman kuɗin fansa.

Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na cikin waɗanda suka fi jin jiki. An soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitocin kuma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92.

Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da ke toshe kafar. Wata biyu maganin yana ajiye, ba a sha ba.

Ba lalaci kaɗai ke jawo irin wannan ba. Faci yakan buƙaci a kashe na'ura a sake kunnawa, asibiti kuwa ba ya rufe ƙofa. Akwai kuma fargabar kada sabon facin ya ƙi jituwa da tsohuwar manhajar da ke tafiyar da wata na'urar gwaji.

Sakamakon gaggawa

Da asubahin Juma'a 19 ga Yulin 2024, ƙarfe 5:09 agogon Najeriya, kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil ga kwamfutocin abokan cinikinsa. Akwai kuskure a cikinsa.

Da yake manhajar kamfanin a can cikin zuciyar Windows take aiki, kuskuren bai tsaya a kanta ba. Kwamfutoci suka riƙa nuna shuɗin allo, su mutu, su tashi, su sake mutuwa.

Cikin minti 78 kamfanin ya janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ce na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani da Windows. Sai dai su ne na filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin.

Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya tafka asarar dala miliyan 500.

Gyaran ya ɗauki kwanaki ne saboda kwamfutar da ba ta tashi ba ba za ta karɓi gyara ta intanet ba. Sai ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana goge fayil ɗin da hannu.

Idan aka haɗa darussan biyu, za a ga cewa sabuntawa ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce tura abu ga kowa lokaci guda, ba gwaji a kan 'yan kaɗan, ba kuma hanyar komawa baya.

Dabarun rage tsayuwar aiki

Ta farko ita ce bi kashi-kashi. A fara da na'urori kaɗan, a zuba ido, idan lafiya a ƙara. Mai miya ma sai ta ɗanɗana gishiri kafin ta zuba wa baƙi. Wannan na cikin alkawuran da CrowdStrike ya ɗauka bayan abin ya faru, tare da bai wa abokan ciniki damar zaɓar lokacin da za su karɓi sabuntawa.

Ta biyu ita ce faci ba tare da kashewa ba. Fasahar Ksplice, wadda ta samo asali daga jami'ar MIT kuma Oracle ya saye ta a 2011, tana sauya ɓangaren da ke da lahani a zuciyar manhajar Linux alhali tana cikin aiki. A 2015 aka shigar da irin wannan tsari cikin Linux kanta. Microsoft ma ya kawo nasa a wasu nau'o'in Windows na kamfanoni, inda kashewa da kunnawar dole ta ragu daga sau 12 zuwa sau huɗu a shekara. Iyakarta dai ƙananan gyare-gyaren tsaro. Babban sauyi sai an kashe.

Ta uku ita ce ɗaki biyu, kuma mai yiwuwa tana cikin wayar da ke hannunka. Tun 2016 Google ya ɓullo da tsarin da wayar Android ke ajiye kwafin manhaja biyu. Kana amfani da ɗaya, ana rubuta sabuwar a ɗayan. Idan an gama, kunnawa ɗaya ta isa. Idan sabuwar ta ƙi tashi, wayar ta koma tsohuwar da kanta.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi: su girka sabon tsari kusa da tsohon, su karkatar da jama'a a hankali, tsohon na nan a kunne har sai an tabbatar.

Sai dai duk waɗannan kuɗi ne. Na'ura biyu ake saye a maimakon ɗaya, ga albashin ƙwararru. Shi ya sa hukumomi da yawa ke ɗage batun har sai ɓarna ta auku.

Ina aka bar mai tsohuwar kwamfuta?

A nan ne batun Windows 10 ya shafi mai shagon buga takardu a Kano ko Maraɗi. Windows 11 tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar na'ura ta baya-bayan nan, yawancin tsofaffin kwamfutocin tokumbo kuwa ba su cika sharuɗɗan ba.

Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin facin tsaro ga ɗaiɗaikun mutane, wanda ya sanya wa wa'adin 13 ga Oktoban 2026. Jinkiri ne kawai, ba mafita ba. Bayansa zaɓi uku ne: sayen wata na'urar, komawa Linux wadda kyauta ce kuma tana aiki a kan tsofaffin kwamfutoci, ko ci gaba da zama ba kariya.

Ko wanne mutum ya zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce da ta manyan kamfanoni. Ajiye kwafin bayananka a wani wuri dabam kafin ka taɓa komai. Idan kwamfutoci biyar gare ka, fara da ɗaya ka ga yadda za ta yi da firinta da sauran manhajojin aikinka. Zaɓi lokacin da ba ciniki, ka kuma tabbatar akwai caji ko janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya lalata manhajar baki ɗaya. Windows kan ba da kwana goma na komawa tsohuwar bayan babban sauyi, don haka a gwada komai kafin su cika.

Na'ura dai dole wata rana ta tsaya. Ko dai mai ita ya tsayar da ita na minti talatin a daren da ya zaɓa, ko kuma ta tsaya da kanta ranar da layi ya fi tsawo a ƙofar shago.