Ranar da waya ta mutu a tsakiyar fadama, ina ne gabas?

Yau ba manhaja za mu sauke ba. Ra'ayina zan faɗa, kuma na san wasu ba za su so shi ba: idan kana shiga fadamar Haɗeja, wajen Baturiya ko Guri ko Auyo, kuma Google Maps ne kaɗai madogararka, to kana wasa da ranka.

Ba wai wayar ba ta da amfani ba ne. GPS daga tauraron ɗan adam yake karɓar saƙo, ba ya buƙatar data, don haka ka sauke taswirar yankin tun kana cikin gari. Amma caji yana ƙarewa, waya tana faɗawa ruwa, wasu ƙananan wayoyin ma ba su da kamfas a cikinsu sam. Taswirar kuma ba ta san kachalla ta toshe hanyar ruwan da aka bi bara ba, ba ta san ambaliya irin ta 2022 ta shafe turba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarun da ake kwafowa daga intanet a watsa mana. An rubuta su ne don mutanen Turai da Amurka. Za ka ga an ce gansakuka tana fitowa a gefen arewa na bishiya, ko rana tana kudu da tsakar rana kullum. Ta farkon dai ka manta da ita. Ta biyun ita ce mai haɗari, don rabin gaskiya ce. Haɗeja tana kusan digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana ta arewa da kai take bi, inuwarka ta tsakar rana tana nuna kudu. Sauran watannin ne inuwar ke nuna arewa. Wato a tsakiyar damina, lokacin da aka fi ɓata a fadama, wannan dabarar juya ka za ta yi gaba ɗaya.

Wadda ke aiki kowane wata ita ce ta sanda. Kafa ta a tsaye a busasshen wuri, ka yi alama a ƙarshen inuwarta, ka jira kamar minti 20, ka sake yin alama. Ta farko yamma, ta biyu gabas. Ɗora ƙafar hagu kan ta farko, ta dama kan ta biyu, ka fuskanci arewa ke nan. Ta fi daidai kusa da tsakar rana.

Sai maganar alƙibla. Mun saba cewa "gabas", amma daga Haɗeja alƙibla ta karkata kusan digiri 22 zuwa arewa. Mafitar rana kuma ba waje ɗaya take ba. A watan Yuni tana fitowa dab da alƙibla. A Disamba ta koma kudu maso gabas, tazarar ta haura digiri 40. Manomin rani da ya kalli inda rana ta fito a hunturu ya tayar da salla, sai ya ƙara juyawa hagu sosai.

Da dare fa? Tauraron arewa da ake ta yabo a intanet, a nan ƙasa-ƙasa yake, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari daga doron ƙasa idan ka miƙe hannu. Hazon hunturu kaɗan ya ishe shi ɓacewa. Ni na fi yarda da na iyayenmu. Kaza da 'ya'yanta kusa da alƙibla take fitowa, kuma mafitarta ba ta canzawa. Gamzaki idan ya bayyana da asuba, gabas yake. Zara da magariba, yamma. Tauraro ɗaya ne ma, sai dai ba kowane wata ake ganinsa ba.

Ƙasar ita ma tana magana. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ta damina daga kudu maso yamma, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa. Jigayin nan da jihar ta samo suna daga gare su, tsofaffin tuddan rairayi ne da suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Babban kogin wajen Yobe ya nufa, amma kada ka amince da ƙananan rassa, suna lanƙwasa yadda suka ga dama.

Duk wannan ba ranar ɓata ake koyonsa ba. Gobe da azahar ka kafa sandar a ƙofar gida, ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka gwada su. Idan kuma ka shiga kwalekwale, ajiye wayar cikin leda, ka tambayi mai tuƙin da me yake gane hanya idan kachalla ta fi tsayinsa.