Raddi Ga Masu Cewa Tushen Ciwon Baya Yana Tafin Ƙafa Da Hanji

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin jama'a, wai ciwon baya ba a baya yake ba. Masu ita sun ce tushensa biyu ne: tafin ƙafa da ya karkace, da hanji da ya lalace. Ka gyara taku, ka wanke ciki, baya zai saki da kansa. Rabin maganar baƙo ne, daga ƙasashen Turawa ya zo tare da shimfiɗar cikin takalmi mai tsada. Ɗaya rabin kuwa mun daɗe da saninsa, shi ne abin da mai lasifika a bakin kasuwa yake rerawa shekara da shekaru: basir ne, dattin ciki ne. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin maganar, shi ya sa take kama mutane, shi ya sa kuma ya dace a bi hujjojinta ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce jiki gini ne, ƙafa kuma harsashinsa, in harsashi ya karkace dole bango ya tsage. Wai mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa idon sawunsa yana faɗawa ciki, gwiwa ta biyo, ƙugu ya juya, baya ya kwana da ciwo.

Muka ce misalin da daɗin ji, amma gini ba ya tafiya. Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, an halicce ta ne ta lotsa ta miƙe a kowane taku, kuma wannan faɗawa ciki da suke kira cuta ita ce dabarar da ƙafa take rage ƙarfin dukan ƙasa. Ban da haka, an gwada maganar. A shekarar 2013 masu bincike suka fitar da sakamakon nazarin ƙafafun mutum 1,930 a garin Framingham na Amurka, ba su sami dangantaka tsakanin siffar tafin ƙafa da ciwon baya ba, ko shimfiɗaɗɗe ne ko mai zurfin lanƙwasa. Adalci ya sa a faɗi abin da suka samu: matan da ƙafarsu ke yawan faɗawa ciki lokacin tafiya sun ɗan fi sauran kukan baya, a maza kuwa babu wannan. Ko a nan da sauran tambaya, domin mai ciwon baya yakan sauya tafiyarsa don gudun zafi. To wa ya riga wa, takun ko ciwon?

Hujja ta biyu shaidar masu saye ce: wane ya sa shimfiɗar takalmi, bayan mako uku ya warke. Ba mu ƙaryata shi ba, ya warke ɗin. Sai dai yawancin sabon ciwon baya yana sauƙi sosai cikin mako shida, an yi magani ko ba a yi ba, duk abin da mutum ya sa a takalmi ko ya kurɓa a lokacin da ciwon ya yi tsanani shi ke kwashe yabon. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci, ta duba lamarin a 2007 ta ce shimfiɗar takalmi ba ta hana ciwon baya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta umarci likitocinta a 2016 da kada su ba mai ciwon baya ita. Wanda shan inna ko karayar da ba ta ɗoru daidai ba ta gajarta masa ƙafa ɗaya, wannan lamarinsa daban ne. Shi kam yana buƙatar a auna shi a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, a ɗaga masa takalmi gwargwadon gibin.

Hujja ta uku ita ce ta hanji, nan ne suka fi kusantar gaskiya, nan ne kuma suka fi ɓarna. Gaskiya ne hanji cike yake da ƙananan halittu masu hulɗa da garkuwar jiki. Gaskiya ne kuma akwai wani nau'in amosani mai sandarar da ƙashin baya wanda yakan zo tare da cututtukan kumburin hanji masu daɗewa. A 1994 an nuna cewa ɓerayen da aka dasa wa ƙwayar gado mai alaƙa da wannan ciwo ba sa kamuwa da kumburin hanji da na gaɓoɓi idan aka raine su ba ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsu. Wannan ilimi ne na haƙiƙa. Amma ciwon yana da alamominsa: yakan fara tun ana samartaka, mutum ya tashi da safe bayansa a sandare fiye da rabin awa, ya tashe shi cikin dare, ya yi sauƙi in ya motsa. Masu shi 'yan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon baya a 2020 sun kai miliyan 619, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya jingina ciwonsu ga wata cuta takamaimai. Ɗaukar hukuncin 'yan tsiraru a ɗora wa miliyoyi, wannan ko a gaban alƙali ba zai wuce ba.

Haka nan gyambon ciki da tsakuwar ƙoda da ta matsarmama suna iya aika zafi zuwa baya. To wanne ne a cikinsu wankin ciki yake warkarwa? Babu. Basir kuwa jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, ba su da hanyar da za su bi su kama ƙashin baya. Abin da ya sa ake yawan ganin su tare shi ne dukansu gama-gari ne, direba da tela da mai kanti masu wuni a zaune kowanne zai iya haɗa biyun. Shi kuma maganin da ke sa zawo ruwan jiki da gishirinsa yake kwashewa, tsoka ta ƙara rauni.

Sun ma manta da hanyar da abin ya fi bi a wurinmu, wato daga baya zuwa ciki. Mai ciwon baya yakan tsaya a kemis kullum ya sayi diklofenak ko ibufurofen ya haɗiya ba abinci, bayan watanni ciki ya ɗauki zafi, gyambo ya buɗe. Sai mai lasifika ya ce masa, ka gani ko, daga ciki ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Hujja ta huɗu gajeriya ce: likita ya ɗauki hoto bai ga komai ba, saboda haka ciwon yana wani wuri. Ai hoton baya da zafinsa ba lalle su tafi tare ba. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa cikin mutanen da ba sa jin ciwo ko kaɗan, kashi 37 na 'yan shekara 20 da kashi 96 na 'yan shekara 80 suna da alamar zaizayewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Rashin ganin abu a hoto bai zama hujjar cewa yana tafin ƙafa ba.

Abin da ya fi damuna da wannan ra'ayi shi ne lokacin da yake cinye wa marar lafiya. A ƙasarmu akwai tarin fuka mai cin ƙashin baya har ya fitar da ƙusumbi, akwai cutar da ake ɗauka daga nonon da ba a tafasa ba, akwai sikila, akwai kansar da ke yaɗuwa zuwa ƙashi. Mai ɗayan waɗannan in ya yi wata shida yana wankin ciki, zai iya isa asibiti a ɗauke. Sauran jama'a kuma ana tsorata su da cewa takunsu a karkace yake, su daina motsi sai an gyara, alhali motsin ne maganin da aka fi tabbatarwa. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani gwaji na mutum 701 a Ostareliya waɗanda suka tashi daga ciwon baya. Waɗanda aka tsara wa tafiyar ƙafa tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Da ƙafafunsu yadda Allah ya yi su suka yi tafiyar.

Mai karatu, in ciwon bayanka ya zo da rama, ko zazzaɓin dare, ko mutuwar ƙafa, ko ka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ka tafi asibiti yau. In babu ko ɗaya daga ciki, ka rage zama, ka riƙa takawa kullum gwargwadon ƙarfinka, in ya wuce mako shida bai saki ba ka nemi likitan gashin ƙashi ya duba ka.