Idan sinadarin fotasiyom ya yi yawa a jini: Abin yi kafin a isa asibiti

Mai karatu, idan a gidanku akwai mai ciwon ƙoda, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda, wannan makon maganar taku ce. Fotasiyom sinadari ne da zuciya ke buƙata don ta buga daidai, ƙoda ce kuma ke fitar da rararsa ta fitsari. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin asibiti. Idan ya kai 6.5, zuciya na iya tsayawa farat ɗaya.

Mugun halinsa shi ne ba ya yawan yin sallama. Wani zai ji ƙafafunsa sun mutu, wani jiki na masa tsiyaya kamar tafiyar kiyashi, ko tashin zuciya, ko bugun ƙirji ya rikice. Wani kuwa ba zai ji komai ba. Saboda haka ku dubi abin da ya gabata: ya tsallake ranar wankin ƙoda? Fitsari ya ragu? Yana shan lisinopril, losartan ko spironolactone, sannan ya ɗora diclofenac ko ibuprofen daga kemis? Wannan haɗin ya fi ba ni tsoro, domin mutanenmu ba sa ɗaukar maganin ciwon jiki a bakin komai.

In kun yi zargi, a dakatar da dabino, ayaba, lemu, ruwan kwakwa, ruwan toka da gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini, domin da fotasiyom ake yin sa. Kada a ƙara masa waɗancan ƙwayoyi, kada a ba shi jiƙo, kada a yi masa allurar insulin a gida. A kwashi duk magungunansa a leda, wani ya tuƙa shi, ko a kira 112. Kun san cunkoson hanyar Nyanya da Mararraba, don haka ba a jiran gari ya waye. A nufi inda ake wankin ƙoda, kamar Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada.

Da isarku, ku ce mai ciwon ƙoda ne, a auna fotasiyom, a ɗauki hoton bugun zuciya. In ya faɗi a hanya, numfashi ya ɗauke, a kwantar da shi a rigingine, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a miƙa shi hannun likita.