Bakin da ke shan ruwa yana shan yaro

Yau ba maganar iri ko taki za mu yi ba. Maganar ƴaƴanmu ce da ruwa.

Kowa ya san ƙahon wanzami. In ya ɗora shi bisa fata ya tsotse iska, sai ƙaho ya manne. Ko ka ja ba ya fita. Sai wanzami ya buɗe ƴar kafar da ke bisa, iska ta shiga, sannan ya saki. Ku riƙe wannan misali, don shi ne tushen maganarmu.

A birane kamar Yamai akwai wurin wanka da aka gina da siminti a otel da gidajen masu hali, ana ce masa pisin. Ruwansa ba a zaune yake ba kamar yadda ido ke gani. A ƙasansa akwai rami, inji yana jan ruwa ta nan, ya tace shi, ya mai da shi. In murfin ramin ya fashe ko ya ɓata, yaro ya zauna bisa ko ya kwanta, jikinsa ya toshe bakin, sai ramin ya zama ƙaho. Ƙarfin da ke riƙe shi yana iya fin nauyin buhun gero mai kilo 100. Wani lokaci gashi ne ko tufa ke shiga ya naɗe.

Abin ya faru a Amurka. A watan Yuni na 2002, wata yarinya mai shekara 7, Virginia Graeme Baker, ta shiga wani ƙaramin wurin wanka a gidan da suka je biki. Ta iya iyo sarai. Ramin ya kama ta. Uwarta ta ja, ta kasa. Sai da maza biyu suka haɗu suka ja har murfin ya karye, amma rai ya yi halinsa. Kakanta, James Baker, ya taɓa zama ministan harkokin waje na ƙasar. Kun ga, ruwa bai san ɗan sarki ba. Uwar ba ta yi shiru ba. Ta yi ta bin majalisa har aka yi doka da sunan yarinyar a watan Disamba na 2007. Dokar ta tilasta wa kowane wurin wankan jama'a ya sa murfin da aka ƙera don kada ya kama mutum. Inda rami ɗaya ne wanda jiki ke iya toshewa, dole a ƙara wata kariya, kamar na'urar da ke sakin iska ko ta kashe inji da kanta.

Wani zai ce: mu da ke ƙauye, ina ruwanmu da wankan otel? Ruwanmu ne. Ƴaƴanmu suna zuwa birni hutu da yawon Salla. Samarinmu da yawa su ne masu gadi da shara a irin waɗannan gidaje. Na biyu kuma, wanda ya fi girma: irin wannan baki yana nan cikin gonakinmu.

Tun da aka kafa ONAHA a 1978, gonakin ban ruwa suka yawaita. A Ƙonni ruwa yana tasowa daga madatsun Mozage da Zongo, ya bi kanal zuwa gonaki. A bakin kogin Kwara manyan injuna ke ɗebo ruwa don shinkafa. A garake kuwa ƙananan injuna sun cika ko'ina. Duk inda babban tiyo ke shan ruwa, duk inda ƙofar madatsa ke buɗe, duk inda kanal ke nutsewa ƙarƙashin hanya ya ɓullo gaba, akwai ja. Bisa ruwan lumui, ƙasa yana gudu. Lokacin zafi, cikin Afrilu da Mayu, nan ne yara ke tsalle su faɗa.

Ra'ayina shi ne: duk bakin da ke shan ruwa, a sa masa raga ta ƙarfe, kuma a ɗora alhakinta bisa wuyan mutum ɗaya da kowa ya sani. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai kula da shi. Na san abin da ake cewa. Raga tana tara ciyawa da leda, ruwa ya ragu, shi ya sa ake cire ta. Wasu kuma su sace ta su sayar wa masu awon ƙarfe. Amsa ita ce a kashe inji a share ta kullum da manjagara, a ɗaure ta da noti. Ƙungiyar manoma da ke karɓar kuɗin ruwa kowace kaka ba za ta kasa biyan maƙeri ba. Wanda ya cire raga, a kai maganarsa gaban mai gari, don rami ya haƙa wa ɗan maƙwabcinsa.

Wasu suna cewa ƙaddara ce. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma ba wanda ke barin rijiya buɗe a tsakar gida yana da mai rarrafe. Muna shinge wa albasa don awaki. Ashe yaro bai kai albasa ba?

Ga abin da za ku yi:

1. Ku zaga da yaranku, ku nuna masu kowane baki da ido. Ku ce nan ba a wanka, ko inji yana kashe, don ba a san sa'ar da za a tashe shi ba.

2. Kada yaro ya shiga ruwa babu babba. Yarinya mai shekara 8 ba mai tsaron ƙane ba ce. Wanda ke nutsewa sau da yawa ba ya iya kuka, shiru ne kawai.

3. In kun je pisin, ku duba ƙasa tukun. In murfi ya fashe ko babu shi, kada kowa ya shiga. Ku tambayi inda ake kashe inji.

4. A ɗaure gashi. A tuɓe laya, jigida da duk tufa mai yawo.

In baki ya kama yaro, ku tuna da wanzami. Abu na farko, a kashe inji ko a rufe ƙofar ruwa. Kada a tsaya ja kai tsaye. A cusa hannu tsakanin jikinsa da bakin don ruwa ya shiga, a mirgina shi gefe. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi kai ƙasa. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji: danni 30, huri 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo, a kai shi gidan likita ranar nan, don ruwan da ya shiga huhu yana iya ta da ciwo daga baya.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wannan takarda a dandali da wurin taron ƙungiya. Gobe da safe, kafin a ta da inji, ku je ku dubi bakin tiyon garinku. In babu raga, ku faɗa wa shugaban ƙungiya tun yau. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.