Fitilun dashbod na ƙyafƙyaftawa? A fara da kan batir, ba da waya ba

Da zarar fitilun dashbod sun fara ƙyafƙyaftawa, matashin yau sai ya jona ƴar na'urar OBD2, ya buɗe Torque a wayarsa yana jiran amsa. Na'urar tana da amfani, amma sau tari ba za ta nuna komai ba, domin sako-sakon waya ba kullum yake barin lambar kuskure a kwamfutar mota ba.

Multimita mai araha ta fi ta aiki a nan. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe. Idan an tayar da ita, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In lambar tana rawa ko ta kasa hawa, sai a tuhumi altaneta ko bel ɗinta. In ta tsaya cak, a koma kan batir: farin garin nan da ke taruwa, noti da ya kwance, da wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Ramukan titi kaɗai sun isa su sassauta ta. Amfilifaya da wani ya ɗaura da gaggawa ma abin zargi ce.

Abu ɗaya ne bai kamata mai mota ya yarda da shi ba: mai rewaya ya cire kan batir inji na aiki, wai gwajin altaneta. Motocin da sun jure wannan. Ta yanzu tana iya ƙona kwamfutarta. Kuma in fitilar batir ta kama ja, a fasa tafiyar dare tukuna.