Fitilar Maginin Rijiya da Iskar da Ba Ta Kashe Wuta

A karkarar arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Kunci, gona na manne da gona, gida na kallon gida. Inda jama'a suka yi yawa haka, rami ba ya yankewa: rijiyar gida, rijiyar lambu, masai, da tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Da rani ya kama, masu haƙa da masu yasa da leburorin gini kan wuni a cikin waɗannan ramuka, kuma sana'arsu ta gaji wata dabara ta kare rai. Kafin mutum ya sauka, sai a zura fitila a kunne. In ta mutu, rijiyar ba ta shiguwa.

Wannan dabara tana da tushe, domin wuta da ɗan Adam duk oksijin suke buƙata. Matsalar ita ce aikin ya canja, gwajin bai canja ba. Injin famfo mai amfani da fetur da ƙaramin janareta sun shigo cikin sana'ar, kuma hayaƙinsu na ɗauke da iskar kabon monoksayid. Iskar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma kashe fitila. Ko da ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar rami, adadin da ke kashe mutum cikin 'yan mintuna, wutar za ta ci gaba da ci lafiya lau. Gwajin da aka amince da shi ya koma mai ba da shaidar ƙarya.

Ba wauta ce ke sa a saukar da inji cikin rijiya ba. Famfon da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kimanin mita 7 zuwa 8, kome ƙarfinsa, saboda nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin tiyo. In rijiya ta fi haka zurfi, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure injin da igiya a kusantar da shi ga ruwa. Nan take hayaƙin zai cika ramin da ba shi da mafita sai baki ɗaya, kuma yakan daɗe a ciki bayan an kashe injin.

Sinadarin jini mai ɗaukar oksijin yana kama kabon monoksayid da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Alamun farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da lebura zai ɗora wa rana ko yunwa ko zazzaɓi. Kafin ya gane, ƙafafunsa sun daina yi masa biyayya. Sai ɗan'uwansa ya sauka ceto, shi ma ya faɗi, na uku ya biyo baya. Idan aka fito da gawarwaki ba rauni a jikinsu, sai zance ya koma kan aljanun rijiya, injin kuwa a kai shi wani aikin gobe.

Masu haƙar kwal a Ingila sun fuskanci irin wannan. Masanin numfashi John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga da ƙananan halittu da gubar ke kayarwa kafin mutum, aka yi ta amfani da tsuntsun kanari har shekarar 1986, lokacin da na'urori suka maye gurbinsa. Sun gane cewa sabon haɗari yana buƙatar sabon gwaji. A Nijeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadi kan shiga wuraren da hayaƙi mai haɗari ke taruwa, amma mai sa ido kan masana'antu ba ya zuwa bakin rijiyar ƙauye, inda yarjejeniyar aiki ta baki ce.

Saboda haka nauyin yana kan waɗanda ake jin maganarsu a wurin: dagatai, masu unguwanni, limamai da shugabannin magina. Ƙa'idar da ya kamata su kafa gajera ce: injin fetur ba ya shiga rami. A yi amfani da famfon lantarki mai nitso, janareta kuma ya zauna nesa da bakin rijiya, ta gefen da iska ke kwashe hayaƙinsa. Duk mai sauka ya kasance da igiya a ƙugu da mutane biyu a sama, domin a jawo shi ba tare da kowa ya bi shi ba. Wanda aka fito da shi a galabaice a shimfiɗa shi a sarari, a garzaya da shi asibitin da ke da oksijin, ko da ya farfaɗo, domin illar gubar ga ƙwaƙwalwa takan bayyana bayan kwanaki.

Za a ce famfo mai nitso da na'urar gano guba sun fi ƙarfin aljihun magini. Gaskiya ne ga mutum ɗaya, amma ƙungiyar magina ko ƙaramar hukuma na iya saye ta riƙa ba da haya, kamar yadda ake hayar injin ban-ruwa a lambunan Watari da Tomas. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, wadda ake kira bayan an riga an yi asara, ita ma ta cancanci a ba ta halin zagaya ƙauyuka da wannan bayani kafin damina ta ɗauke, ba sai an tara jama'a a bakin rijiya ba.