A Auna Ma'auni Kafin A Yi Awo Da Shi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, jaririn da aka haifa bai kai giram 2,500 ba, watau wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa marar cikakken nauyi, ba shi da bakin faɗin abin da ke damunsa. Dole sai an duba shi da ido. Wasu daga cikinsu bakwaini ne, wasu kuwa watanninsu sun cika amma ba su yi ƙwari a ciki ba.

Don haka likitoci suka shirya ma'aunai. A 1952 Virginia Apgar ta fito da nata, mai duba bugun zuciya da numfashi da ƙarfin jiki da motsi da launin fata. A 1973 Berry Brazelton ya wallafa wanda ke duba yadda jariri ke bin fuska da murya, da yadda yake lafawa bayan kuka. Sai dai don jarirai masu cikakkun watanni ya tsara shi, bakwaini kuwa yawan juyi na gajiyar da shi. Wannan ya sa Heidelise Als da abokan aikinta suka gyara shi a 1982, ana lura da alamun gajiya kamar hamma da shaƙuwa da baza yatsu.

Duk a Amurka aka tsara su, saboda haka ya kamata a jarraba su a inda za a yi aiki da su. Alal misali, shuɗin da ke nuna ƙarancin iska yana da wuyar gani a fatar baƙin jariri, sai an duba leɓe da harshe. Haka nan mai jegon Bahaushiya takan yi kunyar ɗan fari a gaban mutane. Baƙon da bai san alkunya ba zai rubuta cewa ba ta kula da ɗanta, alhali kuwa ba haka ba ne.

Kuskuren ma'auni yana iya sa a sallami jaririn da ke bukatar jiyya. Lalle akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa: su tattara kalmomin da ungozoma da uwar goyo ke bayyana halin jinjiri da su, su haɗa kai da likitoci a fassara ma'aunan nan, a gwada su a asibitocin ƙasar Hausa.